Kwalbar tana da lambar NAFDAC, to waken fa?

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki ɗora tukunya. Ga abin da na fahimta daga saƙonki. Ke ce ke dafa wa yaran wata makarantar kwana abinci a nan Jos. Kin sayo buhu shida na wake, da aka farke bakin biyu daga ciki sai wari irin na maganin sauro ya cika sito. Kin koma wurin mai waken, bai ma yi musu ba, ya sunkuya ƙarƙashin benci ya ɗauko kwalbar maganin da ya zuba, ya nuna miki lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinta, ya ce ai gwamnati ce ta yarda da shi. Kina so ki san ko gaskiya ya faɗa, in kuma ba gaskiya ba ne, wa ke da alhakin sa ido a kan irin wannan, wa za ki kai wa kuka.

Kafin komai, kada ki dafa waken nan. Ba biyun kaɗai ba, har sauran huɗun, tunda hannu ɗaya ne ya adana su. Rashin wari ba shaida ba ce, wataƙila waɗancan sun fi shan iska ne kawai.

Mutumin bai yi miki ƙarya a kan kwalbar ba, a kan waken ya yi. Na shafe shekaru ina aikin gwajin abinci kafin in ajiye aiki, kuma babu maganar da kunnena ya gaji da ji daga bakin 'yan kasuwa irin wannan. Lambar NAFDAC a jikin maganin ƙwari tana nufin an duba abin da ke cikin kwalbar ya yi daidai da abin da aka rubuta a bayanta, an kuma yi masa rajista don wani aiki takamaimai da awo takamaimai. Maganin ɓera ma yana da lamba. Ruwan wanke masai yana da lamba. Ba mai zuba su a miya ya ce gwamnati ta yarda.

Daga yadda kika kwatanta warin, zuciyata ta fi karkata ga DDVP, wato daikulobos. Shi ne ke cikin Sniper, shi ne kuma ake sirkawa a ɗura a ƙananan kwalabe a sayar da sunan fiya-fiya. Yadda yake kashe ƙwaro haka yake taɓa mutum. Jijiya takan aika wa tsoka saƙo ta motsa, akwai kuma wani sinadari a jiki wanda aikinsa ya goge saƙon da zarar ya isa. To wannan mai gogewar maganin yake kamawa ya ɗaure. Sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa: yawu na dalala, gumi na karyowa, hawaye, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, tsoka na rawa, ƙirji ya cika da ruwa har numfashi ya gagara. Babban mutum mai kilo 70 zai iya cin kwanon da zai bar shi da ciwon kai da murɗar ciki, yaro mai kilo 25 ya ci irinsa a kwantar da shi a asibiti. Ke kuma yara kike ciyarwa, ɗaruruwa, daga tukunya ɗaya. A 2008 an kwashi 'yan mata sama da 100 daga wata makarantar sakandare a Doma ta jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake. A shekarar ne NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari 30, ciki har da Gammalin da dattawanmu suka sani.

Na taɓa tsayawa a bayan wata rumfa ina kallon yadda ake aikin. An shimfiɗa tamfol, an juye buhuna. Mai kayan ya ɗauki gorar ruwa da aka huhhuda murfinta da ƙusa, ya tsiyaya magani ya cika da ruwa, yana yayyafawa kamar mai yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana juya waken da shebur, ba takalmi, ba komai a hancinsa, idanunsa jawur. Na ce, Alhaji, nawa kake zubawa? Ya ce murfi uku a buhu, in kayan zai kai damina kuma biyar. Na ce wa ya ba ka wannan awo? Ya yi dariya ya ce ai haka ya tarar ana yi. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya zuba jarinsa a wake, ya kuma san in ya yi sakaci wata biyu ƙwaro zai mayar masa da shi gari. Amma wanda ya saya ranar da aka yayyafa da wanda ya saya bayan wata huɗu ba abu ɗaya suka ci ba, kuma babu wanda ya gaya wa ko ɗayansu.

Turawa su suka fara ja mana kunne da ƙarfi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda wannan DDVP ɗin. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. In kin lissafa, miligiram ɗaya tak ke nan a buhu mai kilo 100, abin da ko a bakin allura da ƙyar ki gan shi. A waken da suka tare an samu daga 0.03 har zuwa 4.6, wato ninkin iyakar sau 460. Suka ƙara wa'adin haramcin a 2016, suka sake ƙarawa a 2019. Abin da ke damuna a wannan labari ba asarar kuɗin ƙasar waje ba ce. Waken da aka zaɓa aka tsince don a kai Turai ke nan. Wanda ba a zaɓa ba mu muka cinye shi a alala da ƙosai da garau-garau. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a manyan kantuna da kasuwanni, ta ce a bar shi a hannun dillalan kayan noma, ta kuma sha nanata cewa ba a zuba shi a kan abinci. Ki leƙa kasuwa da kanki ki ga inda maganar ta tsaya.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wa ke da alhaki. A nan sai kin yi haƙuri da ni, don amsar ba suna ɗaya ba ce, kuma wasu daga cikin hukumomin sai bayan an yi masifa aka kafa su.

Ta abinci da magani, a garin nan namu aka biya wani ɓangare na kuɗin kafa ta. Tsakanin Yuni da Satumban 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Ana kawo su da zazzaɓi da amai, sai fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Da aka bi diddigi sai aka gano ruwan farasitamol ne da aka ba su. An haɗa shi da dayetilin gilaikol, sinadarin masana'antu irin wanda ake sawa a man birki, wanda aka sayar a matsayin furofilin gilaikol da ake narka magani da shi. Dukkansu farare ne kamar ruwa, masu ɗan kauri, masu ɗan zaƙi, ido ba ya rarrabe su. An yi irin wannan rashin a Ibadan a shekarar, jimillar yaran ta haura 100. Bayan shekara uku aka yi doka mai lamba 15 ta 1993 wadda ta kafa NAFDAC. Wannan ne ya sa ba abinci da magani da ruwan leda da kayan shafe-shafe kaɗai ke hannunta ba, har sinadarai: mai shigo da sinadarin masana'anta sai ya nemi izininta, ya faɗi abin da zai yi da shi da inda zai ajiye. Duk da haka a 2008 sinadarin nan dai ya sake kashe yara 84 ta hanyar maganin haƙori na My Pikin.

Ta muhalli kuma daga Koko ta samo asali, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a jihar Delta ta yanzu. A 1988 aka gano dubban gangunan dattin masana'antu masu guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili da aka kama haya. Lokacin ƙasar nan ba ta da cikakkiyar dokar da za ta kama wanda ya yi. Gwamnatin Babangida ta yi doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan datti, ta kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya, a shekarar. A 2007 NESREA ta gaje ta. Ita ke duba abin da masana'anta ke zubarwa a rafi, da hayaƙi, da tsoffin batura da kayan lantarki. Malalar man fetur ba tata ba ce, ta NOSDRA ce. Jiha ma tana da tata, a nan Filato PEPSA, a Abuja AEPB. Sai SON, mai tsara ma'aunin ingancin kaya tun 1971, da NAQS mai ba amfanin gona takardar fita waje, da FCCPC wadda dokar 2018 ta ba kare haƙƙin mai saye.

Hukumomi kamar jamfa a Jos, amma ga buhunki shida a sito. Dalili shi ne an gina wannan tsari ne don kayan da ke da ƙofa: tashar jiragen ruwa, ƙofar masana'anta, kwali mai suna da adireshi da lambar rukuni. In biskit ya ɓaci, jami'i zai karanta lambar rukuni, ya je masana'antar, ya sa a janye duk abin da aka yi a wannan rana. Wake fa? Manomi ya kai kasuwar ƙauye, dillali ya tara na mutum ashirin ya zuba a buhu ɗaya, mota ta kawo, wani ya ajiye wata biyar, wani ya auna miki a mudu. Ba suna, ba lamba, ba rana. Sinadarin ya shigo ƙasa da takardarsa cikakkiya, waken ya fito gona lafiyarsa ƙalau, a bayan rumfa suka haɗu, inda babu mai kallo.

Kuma ba wake kaɗai ba. Kabaid na masu walda ne, halas ne a garejinsu, amma shi ake ƙunshewa a takarda a cusa cikin kwandon ayaba da mangwaro don su nuna da wuri, alhali yana ɗauke da dattin gubar asenik. Jan rinin Sudan na man goge takalmi ne da kakin masana'anta, shi ake ɗiga wa manja don ya yi jawur. Buromet, sinadarin ƙara wa burodi kumburi, tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabantar NAFDAC aka hana sa shi a burodi, har yau ana kama gidajen burodin da ke sawa. Gubar dalmar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da injin niƙan hatsi da turmin daka aka riƙa niƙa dutsen zinariya a tsakar gida.

Ba wai doka ta yi shiru ba ne. Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta haramta sayarwa ko adana duk abincin da ke ɗauke da guba, ba ta ce sai na gwangwani ba. Saboda haka abin da mai wakenki ya yi laifi ne, kuma NAFDAC tana da hurumin kama kayan. Amma mai tsaron kasuwa na yau da kullum a tsarin mulki ƙaramar hukuma ce. Jadawali na huɗu na kundin 1999 ya ba ta kula da kasuwanni da mahauta da gidajen burodi da wuraren sayar da abinci. Ma'aikacinta a wannan fanni shi ne duba-gari. Mu da muka taso a da mun san yadda mata ke rige-rigen wanke randa in an ce ga duba-gari nan. Yau sunan yana nan, ma'aikatan na nan, amma mafi yawansu ba abin hawa, ba kayan gwaji, an mayar da su masu yankan rasit. A ganina, ramin da ya fi kowane zurfi ke nan. Hedikwatar NAFDAC da ke Wuse a Abuja, ko ta ninka ma'aikatanta sau goma, ba za ta tsaya a bayan kowace rumfa a Katako da Mangu da Bukur ba.

To me za ki yi gobe da safe? Ki fara ɗibar samfuri, kuma ki yi da wuri, domin DDVP yana bin iska, kowace rana shaidarki raguwa take yi. Ki ɗebo daga saman buhu da tsakiya da ƙasa, kamar kilo ɗaya daga kowane buhu, ki zuba a kwalbar gilas mai tsabta mai murfin da ke rufuwa gam. Kada ki sa a baƙar leda. Ki rubuta rana da lambar buhu a jiki, ki ajiye a wuri mai sanyi nesa da abinci. A ɗakin gwaji niƙa waken ake yi, a jiƙa shi a wani sinadari da ke tsotso maganin, a ɗura ɗigo kaɗan a na'ura, ita kuma ta zana layi mai tsini a daidai inda kowane magani ke fitowa. Na sha ganin samfurin da ya iso bayan mako uku a buɗaɗɗiyar leda, layin ya fito a kwance, mai ƙara ya koma gida a matsayin maƙaryaci alhali shi ke da gaskiya. Ki ɗauki hoton kwalbar gaba da baya in zai bari, ki riƙe rasit ko shaidar tura kuɗi ta waya. Ki rubuta takarda gajera ki kai ofishin NAFDAC na Jos, ki ba sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma kwafi, ki sa a buga miki hatimi a naki. Ƙarar baki tana mutuwa a bakin ƙofa. In ya ƙi mayar miki da kuɗinki, wannan ɓangaren na FCCPC ne. Ki kuma sanar da shugaban makarantar a rubuce, don kare kanki.

Akwai wanda ba ya cikin kowace doka amma sau da yawa ya fi saurin aiki: shugaban 'yan hatsi na kasuwar. Ki je da mutum biyu. Dalilina shi ne, in kin mayar da buhunan kin karɓi kuɗinki kin yi shiru, kafin la'asar an auna wa mai ƙosai. A yi maganar a gaban shugabanni, a ware kayan, a san inda suka kwana.

Na san za a ce miki ki shanya a rana kwana biyu, ki wanke, ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Gaskiya ne wannan yana rage DDVP sosai, ba zan ɓoye miki ba, kuma ɗabi'a ce mai kyau ga duk waken da aka sayo a kasuwa. Amma ragewa daga nawa zuwa nawa? Ba ki san murfi nawa aka zuba ba, ba ki san ko an haɗa da wani abu ba, don fiya-fiya har da kananzir ake sirka shi. Waken da warinsa ya cika sito ya wuce a yi masa dabara, balle na yaran mutane. In kuma wani ya riga ya ci kika ga alamun da na faɗa, a tafi asibiti kai tsaye da kwalbar ko hotonta. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, don aman na iya faɗawa huhu. Akwai allurar aturofin da likitoci ke karya wannan guba da ita, amma da lokaci take aiki.

Ki kula da Phostoxin ma, ƙwayar nan da ake jefawa a buhu. Ita iskar fosfin take saki, mai warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. In ƙwararre ya yi aiki da ita yadda ya kamata, a naɗe a takarda, a rufaffen wuri, aka kuma bar kayan suka sha iska, ba ta barin saura mai yawa a hatsi. Haɗarinta yana ga mai kwana kusa. Kada a taɓa sa ta a siton da ke haɗe da ɗakin kwanan yara ko na mai gadi. In kin ga wani gari mai ruwan toka a cikin wake, alama ce an jefa ta tsirara.

Tunda kina saye da yawa kowane zango, ni da ke ce zan daina sayen tsohon wake gaba ɗaya. Ki saya da kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da yake sabo kuma da araha, ba a kai ga zuba masa komai ba. Ki tabbata ya bushe sosai, in kin ciza ya ce ƙas. Ki zuba a buhun PICS, mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don waken yankinmu. Ki matse iska ki ɗaure kowane riɓi daban. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu da kansa, ba ko ɗigon magani. Ganga ko jarka mai murfin da ba ya shan iska ma tana yi, muddin an cika ta har baki kuma ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a cikinta ba. Ki ɗora buhunan a kan katako, ki tsare su daga ɓera, don huji ɗaya ya ɓata aikin.

In dole ta sa kin sayi na kasuwa a watan Yuli ko Agusta, ki tura hannu can tsakiyar buhu ki ɗebo, ki murza a tafinki ki shinshina. Tsohon waken da ba ko huji ɗaya a jikinsa, ki tambayi mai shi a me ya ajiye, ya nuna miki buhun ko gangar. Wanda kuma kika ga ƙwaro biyu uku na yawo a kansa da ransu, ni shi nake saya wa gidana.